Zarto Mai Tsayawa da Kansa

Rumfar da nake aikin kafinta a Zuru tana bakin hanyar da ke fita zuwa Dabai. Kwano ne a sama, gefe biyu a buɗe. A farkon shekarun dubu biyu ni kaɗai ne a cikinta, da zarton hannu guda biyu, da guduma, da abin fere katako da na gada wurin wanda ya koya mini aiki. Ƙofofi nake yi, da tagogi, da benci, wani lokaci gado. Idan katako ya yi kauri sai in ɗora shi a baro in tura har wurin masu babban inji a bayan kasuwa, in bi layi su tsaga mini, in sake turowa. Rabin yini ke tafiya a haka, kuma kafaɗata ta dama ta riga ta fara ba ni labari tun a lokacin.

A nan Sajan ya same ni. Kowa haka yake kiransa, ni ma haka na bi. Mutumin Dabai ne, Kirista, ya girme ni da kusan shekara goma, bai daɗe da ajiye kakin soja ba. A bariki ya koyi aikin katako. Hausarsa ma ta bariki ce, gajera, ba ya jan magana. Ya zauna a bencin da nake haɗawa, ya kalle ni ina tsaga wani katako da hannu har na gama, sannan ya ce, “Malam, kai kana da rumfa. Ni ina da inji. Mu haɗa.”

Washegari ya zo da wata jakar roba mai tauri a bayan kabu-kabu, da ƙaramin janareta. A tafiyarsa ta ƙarshe zuwa aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje ya sayo injin, ya ajiye shi ƙarƙashin gado shekara biyu bai taɓa kunnawa ba. Zarton lantarki ne na riƙewa a hannu, mai faifai zagayayye, haƙoransa na walƙiya. Na ɗauke shi na ji nauyinsa, na ji daɗi a raina. Na ɗauka kwanakin tura baro sun ƙare.

Matsala ta farko ta fito tun ranar. Injin yana da kunama a ƙarƙashin mariƙinsa, kamar ta bindiga, amma ba ta dannuwa sai ka fara tura wani ɗan maɓalli a gefe da babban yatsa. Sajan kuwa babban yatsansa na dama a sandare yake. Ba harsashi ba ne, ƙofar motar soja ce ta datse shi, kuma ba ya son a tambaya. Ya riƙe injin da ya ɗauko daga wata ƙasa, ya gwada, ya juya hannu, ya sake gwadawa. Ya koma hagu, sai maɓallin ya faɗo cikin tafin hannunsa inda yatsa ba ya kaiwa. Daga baya ya miƙo mini ya ce, “Kai ka riƙa yanka. Ni zan riƙa awo.”

Wannan mun samo masa dabara. Na yanko tsiri daga tsohon tub ɗin keke na ɗaure maɓallin ya zauna a danne. Sajan ya fara yanka da kansa. Sai kuma murfin. Akwai wani murfin ƙarfe da ke rufe haƙoran, yana ja da baya idan ka tura injin cikin katako, yana komawa da kansa idan ka fito. A yankan miƙe ba ya damun kowa. Amma idan za ka yanka kusurwa, ko ka rage ɗan siririn baki daga ƙofa, sai ya toge, ya ture maka injin daga kan layin fensir. Ƙofa biyu muka ɓata kafin muka koyi ɗaga shi da hannu ɗaya muna turawa da ɗaya, wanda hakan ya fi barinsa haɗari.

Duk waɗannan ƙanana ne. Babbar damuwar tana cikin cikin injin, inda ba ma gani. Akwai wata ’yar fitila ja a bayansa. Kana cikin yanka, katako na tsagewa sumul, gari na tashi, sai kawai ƙarar ta mutu, faifan ya tsaya a tsakiyar katako, fitilar ta fara ƙyaftawa. Ka danna kunama, shiru. Sai ka zare waya daga bango, ka jira, ka mayar.

Akwai takardar bayani a cikin jakar, da harsuna da yawa. Sajan ya sa tabarau ya karanta ta Turancin a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya ce injin yana da hankalin kansa. Idan wuta ta yi rauni zai tsaya don kada ya ƙone. Idan ya ji zafi zai tsaya. Idan katako ya yi masa tauri zai tsaya. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ba zai tashi ba sai an kashe shi an sake kunnawa, don kada ya tashi a hannun wanda bai shirya ba.

Na ce, “To a Zuru yaushe zai yi aiki ke nan?”

Ya ninke takardar ya mayar cikin jaka.

Wanda ya zauna garin nan a shekarun ya san irin wutar da ake kawo mana. Ta yi kwana uku ba ta zo ba, idan ta zo kuma ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. Fanka na juyawa kana iya ƙirga fukafukanta. Tsohon injin markaɗen maƙwabciyata yana gurnani ya ci gaba da aiki a haka, rediyo na magana a haka, amma zarton Sajan ko motsi ba ya yi. Idan muka tayar da janareta, shi ma ƙarami ne, da zarar haƙora sun kama katako mai tauri sai muryarsa ta sauka, injin ya ji, ya tsaya. Zafi kuwa, daga watan uku zuwa saukar damina, ƙarƙashin kwanon nan ko guduma ka bari a rana ba ka iya ɗauka. Wanda ya ƙera injin bai yi ƙarya ba, duk abin da ya rubuta haka yake faruwa. Sai dai bai taɓa tsayawa a rumfata da azahar ba.

Muka koyi zama da shi kamar yadda ake zama da mutum mai wuyar hali. Yanka da sassafe, kafin kwano ya ɗauki zafi. Katako mai laushi kawai. Turawa a hankali, kana sauraron muryar janareta. Idan ya tsaya, Sajan ya zauna a benci ya kalli hanya, ni in ɗauki wani aikin. Akwai ranakun da ya yi mana aiki sosai, ba zan hana shi hakkinsa ba. Bencin wani coci gaba ɗaya da shi muka yanka a cikin sati guda, lokacin sanyi. Amma ba ka taɓa sanin ranar da zai yarda ba, saboda haka ba ka iya yi wa mai aiki alkawari da zuciya ɗaya. Baron ma ban daina turawa ba.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai cikin bazara ce, shekara ta uku da haɗuwarmu. Wajen ƙarfe takwas na safe wata mata ta sauka daga kabu-kabu a gaban rumfa, malamar firamare ce, ’yar yayar Sajan. Ta durƙusa ta yi masa magana da C’lela, yarensu, ban gane ba, amma na ga yadda ya ajiye fensir. Yayarsa ce ta rasu da asuba a Dabai. Ita ta raine shi bayan mutuwar uwarsu. Da zafin da ake yi ba za a iya ajiye ta ba, an aika wa dangi a Bena da Wasagu, fasto ya ce ƙarfe huɗu.

Matar ta juyo gare ni ta ce, “Baba, akwatin gawar ne. Don Allah kafin ƙarfe uku.”

Na ce mata in Allah ya yarda. Ina da katako mai laushi a jingine, wanda zan iya haɗawa cikin awa uku ko da hannu. Na nuna wa Sajan. Ya girgiza kai. Ya wuce bayan rumfa ya janye tsohon kwanon da ya rufe wasu katakai huɗu na maɗaci, masu kauri, busassu, da ya kawo tun farkon zuwansa ya ce kada in taɓa. Ban taɓa tambayarsa na mene ne ba. Ranar ya gaya mini.

“Nawa ne. Na ajiye wa kaina. A yi mata da shi.”

Na ce, “Sajan, wanga katako sai an tsaga shi biyu a tsawonsa, kuma ka san halin injin. Bari in kai bayan kasuwa.”

Na tafi da ƙafa na duba tukuna. Masu babban injin sun kwance shi tun jiya, bel ya tsinke, an tafi Kontagora nemo wani. Na dawo na gaya masa. Babu wuta a gari. Muka tayar da janareta.

Katako na farko ya tafi kamu biyu, injin ya tsaya. Na zare waya, na jira, na mayar. Ya tafi kamu ɗaya ya tsaya. Na rage zurfin faifan don ya riƙa ci kaɗan kaɗan, in bi layi sau biyu ko uku. Ya ɗan yi tafiya, sai kuma fitilar ta kama ƙyaftawa, wannan karon ta zafi ce, wadda ba ta sauka sai an ba ta lokaci mai tsawo. Na taɓa jikinsa. Ɗumi ne kawai, hannuna ya fi shi zafi.

Sajan ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa masa. Ya ɗauki wani guntun kwali yana yi masa fifita. Ina kallon dattijo, tsohon soja, wanda yayarsa ke kwance a ɗaki ana jiransa, yana tsugune yana yi wa inji fifita, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Bai yi tsaki ba, bai zagi kowa ba. Ni ne na kasa kallo. Na ɗauko zarton hannu na sa a cikin tsagar da injin ya bari.

Wanda bai taɓa tsaga busasshen maɗaci a tsawonsa da hannu ba, ba zai gane ba. Kana ja, kana turawa, ka duba ka ga ko faɗin yatsa ba ka ci ba. Haka muka yini. Idan fitilar ta mutu in ɗauki injin ya ci mini kamu ɗaya ko biyu, ya tsaya, in koma hannu. Sajan ya ɗauki ɗaya zarton ya fara daga ɗaya ƙarshen, amma da yatsan nan ba ya iya riƙo da kyau, layinsa na karkacewa. Daga baya na fere wurin.

Da azahar na yi salla a gefen rumfa. Da na dawo na tarar ya cire tsumman, ya naɗe wayar, ya mayar da injin cikin jakarsa ya rufe. Ya ce, “Jiransa ya fi yankan gajiyarwa.” Gaskiya ya faɗa. Duk lokacin da fitilar ta mutu sai ka sa rai, ka ajiye abin da ke hannunka, ka gyara tsayuwa, minti biyu ya sake tsayawa. Da muka cire shi daga lissafi sai aikin ya samu tafiya ɗaya, ko da a hankali ne.

Ƙarfe uku ta yi muna fere gefuna. Malamar ta sake zuwa, ta tsaya a bakin rumfa ta kalli katakai a ƙasa, ta kalli kawunta, ta koma. Ƙarfe huɗu muna buga ƙusa. Ba mu samu damar goge shi da samfefa ba, balle a shafa masa mai. Murfin akwatin ma ta waje kawai na fere, cikinsa na bar shi da sawun zarto. Sajan ya sayo farin yadi muka shimfiɗa a ciki muka kama da ƙananan ƙusoshi. Biyar saura kaɗan muka ɗora shi a bayan a-kori-kura, mu huɗu har da direba da wani mai wucewa, don nauyinsa ya wuce na mutum biyu.

Na bi su Dabai. Mutane sun cika gidan, wasu sun gaji da tsayuwa sun zauna a kan duwatsu, mata na waƙa a hankali, waƙar da aka daɗe ana maimaitawa. Ba wanda ya yi mana maganar latti. Na fi so a ce wani ya yi. Na tsaya daga gefe ƙarƙashin wata ɗorawa har aka gama. Wata tsohuwa ta shafa gefen akwatin lokacin da ake fitowa da shi, ta faɗi wata magana. A hanyar dawowa na tambayi direban, wanda yake jin yaren. Ya ce cewa ta yi katakon na kirki ne, amma an yi shi da gaggawa.

Kwana uku ban iya ɗaga hannuna sama da kafaɗa ba. Matata ce ke gasa mini da ruwan zafi.

Bayan sati biyu Sajan ya dawo aiki. Ya ɗauki jakar ya ce in raka shi wurin wani mai gyaran rediyo kusa da tasha, Basakkwace, mai haƙuri da kayan mutane. Mutumin ya kwance injin a kan tebur ya jera sukurorin a murfin gwangwani. A cikin mariƙin akwai wani ɗan baƙin dunƙule kamar sabulu, wayoyi na shiga suna fita, an zuba masa wani abu mai tauri kamar kwalta ya daskare.

Ya ƙwanƙwasa shi da sukundireba ya ce, “Ga mai hana ku aiki nan. Ba a buɗe shi, ba a gyara shi. Sun toshe shi don kada irina ya sa hannu.”

Sajan ya ce, “A cire.”

“In na cire, in haɗa waya kai tsaye, zai yi aiki da kowace irin wuta. Amma ranar da zai ƙone ba zai yi muku sallama ba. Kuma zai riƙa tashi da ƙarfi, ku riƙe shi da kyau. Kun yarda?”

Sajan ya kalle ni. Na ce injinsa ne. Ya ce a cire.

Ranar farko da na danna kunama bayan gyaran, sai da ya fizge mini wuyan hannu. Da can a hankali yake tashi, yanzu kuwa da ihu. Amma ya yanka. Ya yanka a raunin wuta yana gurnani, ya yanka da azahar, ya yanka maɗaci da kawo. Jikinsa na yin zafin da sai ka naɗa tsumma a hannu. Mu ne muka koma masu yi masa hankali: ka shinshina, idan ka ji ƙauri ka ajiye shi. Wata goma sha huɗu muka yi a haka, kuma su ne watannin da rumfar ta fi samun aiki. Ban ce ban ji tsoronsa ba. Sau ɗaya an dawo da wuta yana ajiye a kan tebur da kunamar a maƙale, ya tashi da kansa ya yi tsalle ya faɗo ƙasa tsakanin ƙafafunmu. Muka tsaya muna kallon juna. Daga ranar ba ma ajiye shi sai mun zare waya.

Ya ƙone ne muna tsakiyar aikin teburan wata makaranta. Ba wani abin mamaki, hayaƙi ne ya fito ta ramukan gefe, ƙarar ta sauka, shi ke nan. An kai shi Kontagora aka sake naɗa masa waya, ya yi wata biyu ya sake ƙonewa. Aka sake kaiwa, ya yi sati uku. Na ukun Sajan bai ce a kai ba, ni ma ban ce ba.

Na sha tunanin wanda ya fi gaskiya, wanda ya sa baƙin dunƙulen ko mu da muka cire shi. Ban kai ƙarshen tunanin ba, kuma yanzu na daina. Abin da na sani shi ne, da sun sa masa wani ɗan makunni da mai aiki zai iya cewa yau na ji gargaɗinka, amma ci gaba, da ba mu kai ga mai rediyo ba. Sun yanke hukunci tun daga can cewa injin ya fi mai riƙe da shi sanin abin da ya dace.

Sajan ya ƙara shekara ɗaya a rumfar. Ba faɗa muka yi ba. Zuwansa ne ya riƙa raguwa, daga kullum zuwa kwana uku a sati, zuwa ranar kasuwa kawai. Wata damina ya ce gonar yayarsa ba mai nomawa, ’ya’yanta duk suna aikin gwamnati, zai koma can. Janaretan ya bar mini.

Na kai masa ziyara sau ɗaya wajen ƙarshen shekarun, da kaka. Na same shi a bakin gona yana ɗaure dawa, ya rame, amma fuskarsa ta fi sakewa. Muka zauna a inuwa, matarsa ta kawo mana kunu. Ya tambaye ni aiki, na ce ana yi. Ya tambayi kafaɗa, na ce tana nan. Ya nuna mini inda ruwa ya cinye masa kunya huɗu a gangaren tudu, ya ce baɗi zai jera duwatsu a wurin idan ƙarfi ya bari. Sai ya ce ƙofar ɗakin ajiyarsa ta ruɓe daga ƙasa, ko zan duba. Na tashi na auna da igiya, na ƙulla alama a tsawo da faɗi, na sa a aljihu. Ya cika mini buhu rabi da dawa ya ɗaure a bayan kabu-kabu, ya ce ba sauri, duk lokacin da na samu sarari.